Tafasar da ta cinye gamanar Inna

Ran Litinin da ta wuce aka yi ruwa mai kyau a Dakoro, irin wanda rairayi ke sha ya yi duhu, ƙamshin ƙasa ya bi mutum har cikin ɗaki. Washegari na bi ɗana Sule da matarsa Rabi gona. Ba noma na je yi ba, gwiwa ta daɗe da raba ni da hauya, jaririyarsu na je riƙe musu a inuwa. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ga Rabi ta tsaya, ta dogara da ƙotar hauya, ta rufe ido. Ta sake turawa kamar taku goma, sai ta taho ta zube kusa da ni tana numfashi sama-sama.

Sule ya ɗago ya ce, "Inna, yau dai kin gani da idonki. Kullum hakanga take. Ba ciwon komi, raguwa ce kawai."

 Ai na san abin da yarinyar nan ta ci. Da safe shayi mai sukari da guntun burodi. Da rana makaroni da mai da yaji. Da yamma farar shinkafa da mai da yaji. Jiya haka, shekaranjiya haka, kuma tana shayarwa. Mako guda kafin nan na kai musu kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli a kwano, Sule ya buɗe, ya mayar da murfi, ya turo mini abina. Ya ce, "Inna, don Allah. Mu hwa ba yunwa muke ba. In maƙwabta sunka gani su ce mi?"

Bai sani ba, maganar kakansa ce ya maimaita, ko kalma ɗaya bai sauya ba.

Ina da shekara goma sha huɗu a daminar da nake son faɗa. Muna zaune a wani ɗan ƙauye kan hanyar Bader Goula, kuma shekara biyu ke nan da fita daga babbar yunwa. A yunwar nan kowa ya ci abin da ya samu. Mun ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki kafin ɗacinta ya fita, mun ci dusa, mun ci ganyen da a da ko sunansa ba mu sani ba. Babana mutum ne da baƙo ba ya wuce ƙofarsa bai sha fura ba. Wata rana a kasuwar Dakoro yana auna dusa, wani da ya san shi ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce, "Ta jaki ce ko ta gida?" Aka yi dariya. Baba bai taɓa mantawa da dariyar nan ba. Ranar da rumbunmu ya sake cika ya tara mu a tsakar gida ya yi rantsuwa: ba dusa, ba anza, ba ganyen daji da zai ƙara shiga tukunyar gidansa muddin yana numfashi. Tafasa, yaɗiya, gasaya, duk ya haɗa su ya kira su abincin yunwa. Har cewa yake ganye ne ke tsinka jikin mutum, a duba yadda muka rame shekarar da muka ci shi.

To, abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, a daminar nan ba mu ji yunwa ko ta yini ɗaya ba. Hatsi na nan. Da bazara ta yi nauyi, zafi ya kai mutum ba ya iya taka ƙasa ba takalmi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baba ya buɗe rumbun gandu kamar yadda aka saba, damman gero a jere har sama. Kowace safiya yakan ciro wa Inna, mahaifiyata, na yini ba tare da ƙwauro ba. Sai dai me? Wakenmu gaba ɗaya ya tafi kasuwa tun da kaka, domin a wurin Baba wake kayan sayarwa ne, ya dawo mana a siffar ganyen shayi da dunƙulen sukari, irin wanda ake fasawa da gindin kofi. Gyaɗa ta daina yi a ƙasarmu. Awaki yunwa ta kwashe, biyun da suka rage ba su da nono. Saboda haka fura muke sha da ruwa zalla, tuwo kuma da miyar kuka tsararo, wadda in ka leƙa kwanon za ka ga fuskarka.

Geron ma sai Inna ta surfa shi sau biyu, don Baba yana son fura fara tas, kada baƙo ya ga ɗigon dusa ya yi zaton wani abu. Ta surfa, ta sheƙe, ta wanke. Ruwan wankin a ba awaki, dusar a ba jaki. Wallahi jakinmu a shekarar nan ya yi ƙiba har gashinsa na sheƙi, yana harbin iska ba dalili. A gidan kaf shi kaɗai ke cin abinci cikakke.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba da la'asar. Washegari muka fita, Baba a gaba da sungumi yana sara, ni da Inna a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige, ƙanina Auta ɗan wata biyar yana goye a bayanta. Muka gama gandu, wato babbar gonar gida, sannan muka shuka gamanar Inna. Gamana ita ce 'yar gonar da miji ke yankar wa matarsa. Ba kwalliya ba ce. Da rani, in maigida ya rufe rumbun gandu, daga hatsin gamana mace ke ciyar da 'ya'yanta, daga nan take yin biki, daga nan take tara wa ɗiyarta kayan ɗaki. Amma ƙasar ta miji ce, in ya ga dama ya karɓe. Ta Inna tana cikin wani ɗan kwari inda ruwa ke kwanciya, ƙasa ce mai kyau da kowa ke sha'awa, musamman Baba Idi, ƙanin babana, wanda bai daɗe da aure ba kuma gonarsa tudu ce.

Kwana huɗu a mako na gandu ne, sauran na gamana. Inna mace ce da aka sani da aiki. Kafin yunwa, in ana sussuka a unguwa, ita ake fara kira, tabaryarta ake ji daga rijiya. Amma da noman fari ya kama, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Mukan jera da hauyar tsaye, Baba, Inna, ni. Kafin rana ta take, Inna ta koma baya. Ta tsaya ta dafe ƙirji, ta ce zuciyarta na dukan uku-uku. In ta sunkuya ta ɗago sai jiri ya kwashe ta. Tafin hannunta ya yi fari fat, leɓenta ma haka. Na sha kama ta tana ƙwaƙular ƙasar bangon ɗaki tana ci kamar ƙaramar yarinya.

Maganin da Baba ya sani shi ne shayi. Da safe in ya sha na fari da na biyu, sai ya miƙa mata na uku, wanda ya fi sukari. Ta sha, idonta ya buɗe, ta ɗauki hauya da ƙarfi har ka ce ta warke. Kafin inuwar gawo ta matsa taku biyu ƙarfin ya gudu, ya bar ta ta fi dā laushi. Sai Baba ya ce, "Kun gani? In ta so tana iyawa." Ni ma fa ba lafiya ce ta ishe ni ba, a tsaye nake gyangyaɗi, cikina dam da fura amma ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi. Baba bai ji abin da muke ji ba, domin duk ranar kasuwa yana zama gaban mai tsire. Bai taɓa lissafa wannan cikin abinci ba, a wurinsa zaman hira ne.

Bayan danganmu akwai Raisha, Buzuwa, wadda ta gangaro daga wajen Azagor da 'ya'yanta mata uku bayan dabbobinsu sun ƙare, mijinta kuma ya rasu. Su ne matalautan unguwa. Rumbunsu ɗan mitsitsi, geronsu ba ya ganin surfe biyu, tukunyarsu kullum kore shar da ganye, a watsa wake, a ɗiga nonon akuyarsu guda. Muna ganin su muna tausaya musu. Amma 'yan matan nan sukan gama nomansu su shiga gonakin mutane ƙwadago, su dawo da yamma suna waƙa. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Wata rana Inna ta faɗi a hanyar rijiya, tulu ya fashe. Raisha ce ta ɗaga ta. Ina tsaye ta sa yatsa ta ja fatar idon Inna ƙasa, ta duba, ta girgiza kai.

"Ke, jininki ya tahi. Mi kike ci?"

Inna ta ce, "Hura da tuwo. Alhamdu lillahi, muna ƙoshi."

Raisha ta ce, "Ciki na cika, jiki bai samu komi ba. Ga yaro na tsotsa. Ki zo bakin danga gobe in rana ta yi."

Daga ranar, kullum da azahar in Baba ya tafi masallaci, wata 'yar ƙwarya takan ratso ta wata kafa a dangan, kwaɗon tafasa da wake a ciki. Inna ta karɓa, ta zagaya bayan rumbu, ta tsuguna ta ci da sauri tana waige, kamar wadda ta yi sata. Matar da rumbun mijinta ke cike. Kwana shida ana haka.

A nan ne na yi abin da har yau nake nadamarsa. 'Yan mata a rijiya sun fara kirana ɗiyar raguwa. Ga shi kuma tun ina ƙarama nake jin Baba na cewa ganye ke tsinka jiki. Na haɗa biyun a kaina na yarinta, na yanke cewa Raisha ce ke ƙara kashe mini uwa. Na sami Baba yana fifita gawayin shayi, na durƙusa na gaya masa komai. Ina jin kaina kamar wadda ta yi abin kirki.

Bai daki Inna ba, bai ma ɗaga murya ba. Washegari da azahar ya zagaya bayan rumbu, ya ɗauki ƙwaryar daga gabanta da sauran abincin a ciki, ya fita ya ajiye ta a ƙofar Raisha, ya ce yadda duk unguwa za ta ji, "Gidana ba a bara." Ya dawo ya saro ƙaya ya toshe kafar dangan. Inna ta dube ni sau ɗaya. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana, ranar kuwa ko "ke" ba ta ce mini ba.

Sai damina ta zauna sosai. Ruwa yau, ruwa jibi, rana ta fito tsakani ta gasa mutum cikin gumi, ƙasa na tururi. Gero ya kai gwiwa a gandu, mun yi maimai, wato noma na biyu. Gamanar Inna kuwa ko noman fari ba a gama ba, domin in ta ba gandu kwana huɗu, sauran kwanakin a kwance take yin rabinsu. Kwarin ya sha ruwa, ciyawa ta tashi ta danne geron. Mafi yawan ciyawar nan kuwa tafasa ce, kore shar, mai laushi, ganyenta na rufewa da yamma suna buɗewa da safe.

Ranar wata Litinin Baba ya ce wa Inna, "Ƙasa ba ta zama banza. In Juma'a ta zo ban ga hatsi bisa ciyawa ba, na ba Idi."

Inna ta ce, "Maigida, ba ƙi nike ba. Jikina ne ba shi ɗauka."

Ya ce, "Mi kika rasa? Hatsi na hana miki, ko sukari?"

Muka shiga gamanar ni da ita tun sanyin safiya, kwana uku a jere. Muna nome tafasa, muna kwasa da hannu muna tarawa a kan iyaka don ta bushe. Ku duba wannan abu fa. Mace jininta ya ƙare don rashin abin da za ta ci, an sa ta tana tuge abincin da ƙarfin da ba ta da shi tana zubarwa, tari bayan tari. A rana ta biyu ta faɗi tsakiyar gona, fuskarta cikin ganyen. Na yayyafa mata ruwan gora, ta tashi, ta sake kama hauya. Zuwa yammacin Alhamis ko kashi ɗaya cikin uku ba mu ci ba.

Ran Juma'a da hantsi Baba ya zo, Baba Idi na biye da shi. Suka ratsa har tsakiya, tafasa na dukan gwiwoyinsu. Baba ya buɗe hannu ya nuna gabas da yamma, ya ce, "Dubi ragwanci." Ya juya ga ƙaninsa ya ce, "Daga yau taka ce." Can gefe, 'yan matan Raisha suna tsintar ganye daga tarin da muka zubar.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta kwance Auta ta miƙo mini. Ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa, ta bi gonar da ba tata ba kuma, tana tsinke kawunan tafasa masu laushi, a hankali, tana hutawa, har mayafin ya cika. Ta ɗaure, ta ce in ɗora mata. Akwai hanyar bayan gari da mata ke bi. Ba ta bi ta ba. Ta tsakiyar gari ta bi, daidai lokacin da maza suka taru a ƙofar masallaci, ganye na leƙowa ta kowace kusurwar ƙunshin, ni ina biye da ita da goyo, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

A tsakar gida ta kafa duwatsu uku, ba a madafa ba. Ta dafa, ta tace, ta sa gishiri da yaji. Baba ya shigo ya tarar da ita zaune a kan tabarma, ƙwarya a cinya. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Maigida, gona ka amshe. Baki kuwa nawa ne."

Ta kai loma. Baba ya ɗauki butar shayinsa ya fita zaure. Bai ƙara hana ta ba, bai kuma taɓa ci ba har ya koma ga Allah.

Daga ranar kullum sai ta dafa ganye. Ta cire ƙayar dangan da hannunta, tana ba Raisha gero, Raisha na ba ta wake da ɗan nono. Ta daina karɓar shayi na uku, ta ce a ba jaki, shi ya saba da gata. Ba a kwana ɗaya ta warke ba. Sannu-sannu leɓenta ya dawo da launi, jirin ya ragu, ni ma da nake sa hannu a ƙwaryar na daina barci a tsaye. Da kaka ta yi, an sake jin tabaryarta daga rijiya.

Kun san abin da mutane suka ce? Cewa suka yi, "Ka gani ko? Da anka amshe gonar ta ji tsoro ta bar ragwanci." Warkewarta ma ta zama shaida a kanta. Ba a mayar mata da gamanar ba. Da rani na gaba, da aka rufe rumbun gandu, surfen mutane ta yi ta ciyar da mu. Shekara talatin bayan nan, a zaman makokinta, wata tsohuwa ta ce a gabana, "Allah shi jiƙan ta, ba ta da hwaɗa, aiki ne dai bai dame ta ba." 

Na taɓa neman gafararta kan maganar da na kai wa Baba. Ta yi dariya ta ce, "Ke ma hura ce cikinki, mi kika sani?"

Shi ya sa ran Talatar nan ban tanka wa Sule a gona ba. Ran Laraba na ɗauki Rabi muka tafi likita. Majo, wato ma'aikaciyar jinyar asibitin, ta sa yatsa ta ja fatar idonta ƙasa, daidai yadda Raisha ta yi wa Inna a hanyar rijiya, har sai da na kau da kai. Aka ɗibi jini aka duba, ta ce ya yi ƙasa sosai. Ta ba ta ƙwayoyi, ta ce ta riƙa cin wake da ganye da gyaɗa, da hanta in an samu, kuma ta daina ɗora shayi a kan abinci.

Da la'asar na fita bayan gari da gwiwar tawa, na cika mayafi da tafasa, na ɗora a ka. Na san inda Sule da abokansa ke zaman fada suna dafa shayi, ta nan na bi, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na shiga gidansa na kafa tukunya a tsakar gida. Ba a jima ba ya shigo da sauri, ya rage murya.

"Inna, mi na yi miki? Mutane hwa na kallo."

Na ce, "Zamna."

Ya zauna a bakin turmi. Na ci gaba da dakan ƙuli-ƙulina a ƙaramin turmi sai da ya yi laushi, sannan na ce, "In ka tahi ƙauye, ka san gonar nan ta cikin kwari, ta gidan Baba Idi?"

Ya ce, "Gonar Raguwa? Wa bai san ta ba?"

"Ka taɓa tambaya wace ce raguwar?"

Ya girgiza kai.

Na ce, "Kakarka ce. Wadda ta goya ka."

Na kwaɗa tafasar, na zuba wake a kai, na cika kwano. Rabi ta karɓa da hannu biyu, ta juya za ta shige ɗaki da shi. Na kamo bakin zanenta na ce ta zauna nan tsakar gida, a kan tabarma, inda mijinta zai gan ta. Ta zauna ta fara ci. Sule bai tashi daga bakin turmin ba har ta suɗe kwanon.